Yadda muka nema wa Baba Maigadi wurin zama a Kano bayan sallama daga asibiti

Na rubuta wannan ne saboda wanda wata rana zai tsinci kansa da tsoho a hannu, tsohon da ba ubansa ba ne, ba kawunsa ba ne, amma kuma ba wanda zai iya juya wa baya ba ne. Namu tsohon maigadin gidanmu ne na cikin birni. Ya zo Kano daga wajen Damagaram lokacin farin 1973, ya samu wurin kwana a zauren mahaifinmu, bai sake komawa ba. Ya taɓa aure, matar ta rasu ba su haihu ba. Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka sayar da gidan aka raba gado, wanda ya saya mutumin kirki ne, ya bar shi a zauren. A farkon 2025 hawan jini ya buge shi da asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Maƙwabta suka kira ni domin ni ne ɗan gidan da ya rage a gari.

Zaman asibiti bai ba ni wahala kamar ranar sallama ba. Likita ya kira ni gefe ya ce abin da asibiti zai yi ya yi, abin da ya rage shi ne shan maganin hawan jini kullum ba fashi, da gashi, wato motsa masa gaɓoɓin da suka shanye, da wanda zai riƙa juya shi a kan gado, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a zaune. Ya ce gadon nan akwai masu jiransa. A nan lissafi ya kwance mini. Gidan da nake haya ɗaki biyu ne da falo, daga matata sai 'ya'ya mata uku, ni kuma ina Kantin Kwari daga safe zuwa magariba. Baba ba muharraminsu ba ne, ba yadda za a yi su riƙa kama shi zuwa bayan gida. Yayana yana Kaduna, ƙannena mata kowacce tana ɗakin mijinta. Zauren nan kuwa ko mai lafiya da ƙyar yake kwana a ciki. Wata nas ce ta ga na yi jugum a baranda ta ce, Malam, ka je sashen walwala mana. Yawancin masu jinya ba su san manyan asibitocin gwamnati suna da wannan sashe ba, kuma shi ne ya kamata a fara zuwa tun kafin a ambaci sallama. Hajiyar da na tarar a wurin ta saurare ni har na gama, ta rubuta mini abubuwan da za a nema a bayan wata takarda, ta kuma roƙi likita ya ƙara mana 'yan kwanaki.

Kafin in ci gaba, akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Duk wanda na gaya wa halin da nake ciki sai ya ambaci gida dabam, domin mutanen gari suna haɗa gidajen gwamnati wuri guda a bakinsu. Gidan gajiyayyu na Shahuci shi ne wanda aka sani da tsofaffi da marasa galihu. Na Nassarawa na marayu ne. Na Goron Dutse na yaran da suka yi laifi ne. Dawanau kuwa asibitin masu taɓin hankali ne, kuma tsohon da maganarsa ta sarƙe saboda shanyewar jiki ba mahaukaci ba ne, ko da 'yan unguwa sun ce ya fara ruɗewa. Ban da waɗannan akwai ƙananan gidaje na gidauniyoyi da na 'yan kasuwa da suka fara fitowa a bayan gari. Gidajen da na shiga da ƙafata ba zan kama sunan ko ɗaya ba, zan dai faɗi abin da idona ya gani.

Takarda ta farko ta mai unguwa ce, kuma mai unguwar inda tsohon yake zaune, ba na inda nake haya ba. Na same shi bayan sallar isha'i a ƙofar gidansa. Na ce, ranka ya daɗe, a kan Baba Maigadi na zo. Ya san shi fiye da yadda ya san ni, don haka bai tambaye ni wata hujja ba, amma ya yi mini tambayar da kowa zai yi daga baya: ba shi da kowa ne? Ya ce ba zai sa hannu ba sai an yi cigiya, kada gobe wani ya taso daga Nijar ya ce an jefar da ɗan'uwansa. Na ga gaskiyarsa. Muka ba da cigiya a gidan rediyo, aka yi sanarwa a masallacin unguwa, na kuma je tashar da motocin Zinder suke lodi na bar sunan ƙauyensu da lambar wayata a hannun shugaban direbobi. Ba wanda ya kira. Sai mai unguwa ya rubuta cewa ya san mutumin shekara da shekaru, ba a san masa magaji ba, ya buga hatimi, ya haɗa ni da yaro zuwa wurin dagaci ya ƙara nasa. Babu kuɗin da aka yanka mini a nan, goro ne kawai na al'ada.

Daga nan sai ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, inda na fi cin zama a kan benci. Birnin Kano da kewayensa ƙananan hukumomi takwas ne daga cikin 44 na jihar, kuma ko cikin ganuwa kaɗai ba a ƙarƙashin ɗaya yake ba, saboda haka a tambayi mai unguwa wadda unguwar ta faɗa kafin a hau adaidaita sahu. Ranar farko mai sa hannu ya tafi taro, wata ranar an ce yana ta'aziyya, ranar Juma'a kuwa ba a ma maganarta. Da na same shi, matsalar ta koma ta shaida. Baba ba shi da lambar NIN, ba katin zaɓe, ba takardar haihuwa, ko shekarunsa ƙiyasi muke yi. Aka ce in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa ni na san shi, ni ne kuma zan tsaya masa. Wannan ta ci mini kusan naira 3,000 har da bugawa a shagon kwamfuta. Hoton fasfo kuwa sai da na ɗauko mai hoto zuwa gadon asibiti, muka tallafo shi muka riƙe farin zane a bayansa. Kowace takarda na yi mata fotokofi da yawa, domin kowane tebur yana karɓar tasa ba ya mayarwa. Bayan haka wani jami'i ya bi ni ya ga zauren da idonsa, ya yi wa maƙwabta tambayoyi, ya rubuta rahoto. Kuɗin motarsa ni na biya.

Rahoton likita shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi amfani. An nemi gwajin tarin fuka, da na ciwon hanta, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da na sukari, tare da bayanin ko hankalinsa na nan da kuma abin da yake iya yi da kansa. Ba wulaƙanci ba ne, gidan da tsofaffi suke kwana ɗaki ɗaya, mai tarin fuka guda ya isa ya kwantar da sauran. Gwajin tarin fuka kyauta aka yi, sauran duka suka tashi wajen naira 20,000. Na roƙi likitan ya rubuta sunayen magungunan da lokutan shansu a takarda dabam da manyan baƙi, ya kuma rubuta cewa a lokacin sallama babu gyambo ko ɗaya a jikinsa. Wannan layi na ƙarshe wata tsohuwar nas ce ta ba ni shawararsa, kuma daga baya na ga ranarsa.

Da fayil ya cika na kai shi ma'aikatar jiha da gidajen gwamnati suke ƙarƙashinta. Jami'ar da ta duba ba ta ɓata mini lokaci ba, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, Alhaji, irin waɗannan gidaje wurin zama ne da ci da sha ga wanda ba shi da kowa, ba asibiti ba ne. Tsohon da yake iya tashi ya kama ruwa da kansa zai ji daɗinsu. Naka kuwa sai an ɗaga, sai an kwantar, har cikin dare. Ta ce za ta iya sa sunansa a jerin masu jira, amma in je in duba wasu wuraren tukuna, in kuma lissafa ko zan iya ɗaukar masa mai kula na kansa duk inda ya sauka. Na fito raina a jagule, ina ganin duk takardun nan na tara su a banza. Ashe kowane gida da zan shiga bayan nan su zai fara tambaya.

Gida na farko na kuɗi ne, a wata sabuwar unguwa. Daga waje sai ka ce otal: fenti sabo, falo da kujerun alfarma, talabijin a bango. Manajan ya ce naira 150,000 a wata, ban da magani da famfas, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashin Kano, wanda aka mayar naira 71,000 a ƙarshen 2024. Ya nuna mini satifiket a cikin gilashi. Da na matsa kusa na ga takardar rajistar kamfani ce ta CAC, wadda ko mai sayar da siminti yana da irinta. Na tambayi takardar hukumar PHIMA mai sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu a jihar, tunda sun ce suna yin allura da ƙarin ruwa, ya ce ana kan hanya. Na tambayi lasisin nas ɗinsu, ya ce ta fita. Na nemi in ga ɗakunan baya, ya yi ta kewaye-kewaye har dai ya buɗe. Zarnin fitsari ne ya fara tarbata, an bi shi da turaren fesawa. Wani dattijo yana kwance a kan leda tsirara ba zanen gado, a watan Afrilu, fanka ba ta juyawa, kofin ruwansa yana can kan taga inda hannunsa ba zai kai ba. Yarinyar da ke kula da su ba ta wuce shekara goma sha takwas ba, ita ce mai girki, ita ce mai wanki. Na ce, da dare wa yake kwana da su? Ya ce akwai maigadi. Na yi godiya na fita.

A nan ne na gane cewa takardun da aka sa na tara duka suna tabbatar da abu ɗaya ne, cewa tsohon ba shi da kowa. Ba wadda take tabbatar da cewa gidan da za a kai shi ya cancanta. A takarda ƙasar nan ba ta rasa tanadi ba. Akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa ta 2017, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Amma a ɗakin bayan nan da na shiga, mai duba inganci ni ne, da hancina da idona. A ganina dalilin da ya sa abin bai kankama a wurinmu ba shi ne mun ɗauki kai tsoho irin wannan gida a matsayin abin kunya, wanda ya kai nasa ba ya son a sani, balle ya fito ya yi ƙorafi.

Gidan da muka tsaya a kansa limamin masallacinmu na kasuwa ne ya yi mini kwatancensa. Na wata gidauniya ne, tsohon gini mai tsakar gida da bishiyar darbejiya, ɓangaren maza dabam, na mata dabam. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Da gangan na je ba tare da na yi waya ba, da hantsi, lokacin wanka. Na tarar an shanya katifu a rana, tsofaffi huɗu suna kan tabarma a inuwa suna sauraron rediyo, ɗaya a keken guragu ana yanke masa farce. Bayan gidan yana da ƙarfen dafawa a bango, ƙofarsa kuma keke zai iya shiga. Akwai sola mai ɗaukar fanka da fitila. Mai kula da wurin tsohon nas ne da ya yi ritaya, ya ɗauko mini wani littafi mai kama da na 'yan makaranta, kowane tsoho da shafinsa: awon jini, maganin da ya sha da lokacin, ko ya ci abinci, ko ya yi bayan gida. Na sake dawowa bayan isha'i wata rana, nan ma ba sanarwa, na samu ma'aikaci ɗaya a farke a ɓangaren maza. Shi kansa malamin mai kula da wurin ya ce mutum ɗaya bai isa ba idan aka ƙara mai kwance, don haka sharaɗinsu shi ne mu kawo wanda zai kwana da Baba.

Abin da ya sa zuciyata ta kwanta da su shi ne zuwan da malamin ya yi asibiti kafin su karɓe shi. Duk ofisoshin da na bi, ni ake tambaya, a kan Baba ake magana. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna daidai fuskarsa, ya gaishe shi, ya ce, Baba, wurinmu ake so a kawo ka, ka yarda? Ya jira har tsohon ya haɗa kalmominsa. Abin da Baba ya tambaya biyu ne: ko ana jin kiran salla daga ɗakin, da kuma ko zan riƙa zuwa. Sannan malamin ya yaye zane ya duba bayansa, da kwankwasonsa, da dugadugansa, ya ba shi ruwa a cokali ya ga yadda yake haɗiya.

Mun rubuta yarjejeniya shafi ɗaya. Ba su yanka kuɗin wata ba, amma magani da famfas da sabulu da kuɗin asibiti namu ne, abin da muka ga dama kuma mu ba gidauniya. An rubuta lambar waya biyu, tawa da ta Yaya, da asibitin da za a kai shi idan jiki ya tashi ba sai an jira ni ba, da cewa muna iya zuwa kowane lokaci. Malamin ya ce a ƙara da wanda za a kira idan ta Allah ta kasance, da inda za a yi masa sutura. Na ji nauyin maganar, amma gara a yi ta tun ana zaune lafiya. Ranar da muka kai shi na yi hayar mota, kayansa duka ba su cika jakar bakko ɗaya ba: riguna, bargo, buta, carbi, da rediyonsa. Da zan tafi ya riƙe mini hannu da na hagunsa ya ce, ɗan nan, ka gaida gida. A mota na kasa yi wa direba magana. Wata gwaggonmu da ta ji labari ta yi mini waya ta ce da mahaifinku na raye ba za a yi haka ba. Na ce, Gwaggo, gaskiya ne, da yana raye akwai zaure da samari goma a gidan.

Wata na biyu na zo na tarar da jan tabo a ƙasan bayansa, fatar ta fara salewa. Yaron da muka ɗauka yana barci ya bar shi a kwance ɓari ɗaya har asuba. Da yake rahoton sallama ya ce ba gyambo, ba wanda ya yi musu cewa a nan abin ya faro. Malamin ya sa aka manna takarda a bango ana sa alama duk bayan awa biyu da aka juya shi, muka sayi katifar iska, muka canja yaron da wani magidanci mai haƙuri da muke biya naira 40,000 a wata. Tabon ya warke kafin ya zama rami. Gyambon kwanciya idan ya yi zurfi yana iya kai tsoho kabari, kuma a ƙarƙashin riga yake ɓuya, mai zuwa gaisuwa da ledar lemo ba zai taɓa ganinsa ba. Yanzu idan aka haɗa albashin mai kula, da famfas, da magani, da mai gashi da yake zuwa lokaci-lokaci, muna kashe wajen naira 100,000 a wata, mu biyar muke karo-karo. Famfas ne yake cin kaso mafi girma bayan albashi, kuma a kwali muke saye a kasuwar Sabon Gari domin ya fi sauƙi.

Wanda zai bi wannan hanya ya fara takardu tun tsohon yana gadon asibiti, ya fara da sashen walwala, sannan mai unguwa, domin cigiya da sa hannu suna cin makonni, sallama kuwa ba ta jira. Ya bambance tsohon da ke buƙatar wurin zama da wanda ke buƙatar jinya, don ba gida ɗaya ne ya dace da su ba. Idan ya je duba gida kada ya yi waya, kada ya tsaya a falo, ya nemi ɗakin wanda ya fi kowa jin jiki a gidan, shi ne zai nuna masa yadda za a riƙe nasa. Ya tambayi mutum nawa suke kwana a farke, wa yake ba da magani, a ina ake rubutawa, maza ne suke yi wa maza wanka ko kuwa. Ya ga abincin da idonsa, domin mai shanyewar jiki yana ƙwarewa, kunu mai kauri da tuwo mai laushi a zaune suka fi masa, abin da ya bi ta hanyar iska kuwa yana zama ciwon huhu. Ya tambayi yadda suke yi da zafin Afrilu da sanyin hunturu, su biyun nan suna kayar da tsofaffi.

Bayan an kai shi kuma aikin bai ƙare ba. Ni ina zuwa Juma'a bayan masallaci, ƙanwata tana aiko da ɗanta a tsakiyar mako, kuma ba ma tsayar da lokaci ɗaya. Duk zuwa ina buɗe shafinsa a littafin, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage in gwada da kwanakin wata, in sa a juya shi a gabana in duba bayansa da dugadugansa. Ma'aikatan ba sa jin haushi, mai kwana da shi ma cewa ya yi ya fi son haka, domin idan an ga aikinsa ba wanda zai zarge shi. Fayil ɗin takardun yana nan a shagona, na ba Yaya kwafi ɗaya, ɗaya kuma yana wurin mai unguwa, ko da wani zai zo daga Damagaram yana tambaya.